Kafin a Sayi Doki a Tanadi Harawa: Zaɓen Akwatin Wuta ga Babban Katin Hoto

A cikin watan Oktoba na shekarar 2022, kamfanin Nvidia na ƙasar Amurka ya fito da wani katin hoto na kwamfuta mai suna RTX 4090, ya yanka masa farashi dala 1,599. Masu sha'awar wasannin kwamfuta suka yi ta rububinsa, domin a lokacin babu katin da ya kama ƙafarsa wajen ƙarfi. Amma kafin watan ya ƙare, sai hotuna suka fara yawo na filogin da ke kai wa katin wuta, ya narke ya yi baƙi ƙirin kamar an tura shi cikin murhu. Da kamfanin ya bincika, ya ba da sanarwa a watan Nuwamba cewa ya sami labarin irin wannan ɓarna wajen 50 a duniya baki ɗaya, kuma a ganinsa rashin cusa filogin har ƙarshe ne ya jawo ta. Hamsin ba wani yawa ba ne idan aka dubi dubban katunan da aka sayar. Duk da haka, abin ya isa ya tunatar da mai hankali wata gaskiya da masu saye suka saba mantawa da ita, wato duk tsadar na'ura da ƙarfinta, lafiyarta tana rataye ne a kan hanyar da abincinta ke biyowa.

Bahaushe ya daɗe da sanin haka a wajen doki. Sayen ingarma abu ne da mai kuɗi zai gama rana ɗaya a kasuwa, amma harawa da dusa da kanwa na kullum ne, kuma wanda ya sayi dokin hawan salla ya bar shi da ƙaiƙayi, kafin salla ta zo za a iya ƙirga haƙarƙarinsa. Haka al'amarin yake ga babban katin hoto. Saurayi yakan yi wata da watanni yana tara kuɗin kati, ya haddace sunansa da saurinsa, sa'an nan idan aka zo kan akwatin wutar da zai ciyar da shi, sai ya ce wa mai shago ya ba shi ko wanne ne mai sauƙin kuɗi. Wannan kuskure ne babba. Kamata ya yi akwatin wuta ya zama abu na farko da za a ware wa kuɗi, a zaɓe shi da lissafi, idan kuwa aljihu bai kai na kirki ba, to katin ne ya dace a rage wa girma.

Katin da akwatinsa

Ga ɗalibin da bai taɓa leƙa cikin kwamfutar kan tebur ba, katin hoto wani allo ne da ake dasawa a jikin babban allon kwamfuta, aikinsa shi ne lissafa launin kowane ɗigo da ke bayyana a fuskar na'urar. Fuskar da ake kira 4K tana da ɗigo fiye da miliyan 8, kuma mai wasa yana so a sake zana su duka sau 60 ko sau 120 cikin daƙiƙa ɗaya, don motsi ya tafi sumul ba tare da cijewa ba. Wannan ɗimbin lissafi shi ke cin wuta, kuma cin yana ta ƙaruwa daga zamani zuwa zamani. Katin GTX 1080 na shekarar 2016 wat 180 yake buƙata. RTX 3080 na 2020 ya kai wat 320, RTX 4090 ya kai wat 450, shi kuwa RTX 5090 da ya fito a watan Janairun 2025 ya kai wat 575.

Domin a fahimci girman waɗannan alƙaluma, sai a gwada su da jikin ɗan Adam. Baligin da ke cin abinci mai kalori 2,000 a yini, idan aka raba wannan kuzari a kan awa 24, yana ƙona kimanin wat 100 ne. Ƙwaƙwalwarsa kuwa, duk da tunani da gani da ji da take sarrafawa, rabonta bai wuce kimanin wat 20 ba. Ke nan katin RTX 5090 shi kaɗai yana cin abin da ya kusa na mutum shida, yana kuma fitar da zafin da ya kusa nasu, alhali girmansa bai wuce bulo ɗaya na ƙasa ba.

Akwatin wuta kuma, wanda 'yan kasuwa ke taƙaita sunansa da haruffan PSU, shi ne ɗan akwatin ƙarfen nan mai fanka da wayar soket ke shiga cikinsa a bayan kwamfuta. Wutar da ke zuwa gidaje a Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, kuma mai kai-da-komo ce, tana juyawa sau 50 cikin daƙiƙa. Sassan kwamfuta ba su iya shan irin wannan wuta. Suna buƙatar mai tafiya ta fuska ɗaya, mai ƙaramin ƙarfi, wato bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, kuma a tsaye cak ba hawa ba sauka. Akwatin wuta ne ke yin wannan juyi, sa'an nan ya rarraba wa kowane sashe rabonsa. Matsayinsa a kwamfuta matsayin zuciya ne a jiki. Duk gaɓar da ke akwai ta hannunsa take sha, saboda haka idan wani sashe ya lalace shi kaɗai yakan mutu, amma mugun akwatin wuta idan zai mutu yana iya tafiya da kati da babban allo da ma'ajiyar bayanai gaba ɗaya.

Lissafin wat

Matakin farko na zaɓe lissafi ne da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya yi. A tara abin da katin ke ci, da abin da ƙwaƙwalwar kwamfutar ke ci idan ta ƙure aiki, sa'an nan a ƙara kimanin wat 70 na babban allo da fankoki da ma'ajiya. Alal misali, wanda ya haɗa RTX 4090 da ƙwaƙwalwar Intel Core i9-14900K, wadda kamfaninta ya rubuta cewa tana kai wa wat 253, jimlarsa ita ce 450 da 253 da 70, wato wat 773. Wanda ya haɗa katin nan da AMD Ryzen 7 7800X3D mai wat 120, jimlarsa wat 640 ce kawai. Nvidia ya ba da shawarar akwatin wat 850 ga wannan kati, amma mai karatu ya ga yadda shawara ɗaya ta zama biyu. Ga na biyun, wat 640 kashi 75 ne cikin 100 na ƙarfin akwatin, da sauran sarari. Ga na farkon kuwa, wat 773 ya haura kashi 90, ya zo iya wuya, don haka akwatin wat 1,000 ne ya fi dacewa da shi. Haka nan RTX 5090, wanda aka ba shawarar wat 1,000, idan aka haɗa shi da waccan ƙwaƙwalwa mai wat 253 jimla ta kusa wat 900, sai mai hankali ya nemi na wat 1,200.

Ƙa'idar da ta dace a riƙe ita ce, kada jimlar ta wuce kashi uku cikin huɗu na ƙarfin akwatin, ko abin da ya ɗan ɗara haka. Akwai masu tsoron cewa babban akwati zai tura wa ƙaramar kwamfuta wutar da ta fi ƙarfinta ya ƙona ta. Wannan tsoro ba shi da tushe, domin na'ura ita ke jan abin da take buƙata, kamar yadda girman rijiya ba ya sa guga ta ɗebo fiye da cikinta. Illar sayen akwatin wat 1,600 ga kwamfutar da ke cin wat 400 ita ce asarar kuɗi kurum.

Dalilin barin sarari

Me ya sa sai an bar wannan sarari? Ilimin halittu yana da amsa mai gamsarwa. Zuciyar mutum yana zaune tana harba jini kimanin lita 5 a minti ɗaya, amma idan saurayi mai lafiya ya zura da gudu tana iya kai lita 20 zuwa 25. Da a ce an yi zuciyar daidai da buƙatar zama kawai, da duk wanda ya tashi zumbur daga tabarma sai ya faɗi. Tazarar da ke tsakanin aikin yau da kullum da iyakar abin da za ta iya ita ce jarin da rai ke dogara da shi a lokacin gaggawa.

Katin hoto shi ma yana da nasa gudun. Wat 450 da aka rubuta a kwalinsa matsakaici ne na tsawon lokaci. Idan wasa ya sauya daga hoto mai sauƙi zuwa mai nauyi, katin yakan zabura ya ja wutar da ta haura haka sosai, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Akwatin da ba a yi shi don jure irin wannan zabura ba sai ya ɗauka gobara ce ta tashi, ya yanke wuta. Bayan fitowar katunan RTX 3080 da RTX 3090 a 2020, masu wasa da yawa sun koka cewa kwamfutocinsu suna mutuwa tsakiyar wasa, alhali a takarda wat ɗin akwatunansu ya wadatar. Kamfanin Intel, wanda shi ya kafa tsarin ATX da ake ƙera akwatunan wuta a kansa tun 1995, ya fitar da sabon tsari mai suna ATX 3.0 a shekarar 2022. A ƙarƙashinsa, wajibi ne babban akwati mai sabon filogi ya jure ninki biyu na ƙarfin da aka rubuta masa, na tsawon kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa, ba tare da ya yanke ba. Aka sake gyara tsarin a 2023 ya zama ATX 3.1. Saboda haka mai sayen babban kati a yau ya dubi kwalin akwatin ya tabbata ɗaya daga cikin waɗannan sunaye biyu yana jiki.

Kada a ga laifin akwatin da ya yanke wuta, domin yankewar alama ce ta lafiya. Kamar yadda hannu ke janyewa daga garwashi kafin mutum ya yi tunani, haka akwatin kirki yake da masu gadi a cikinsa: mai yankewa idan ƙarfin wuta ya haura, da mai yankewa idan an ja fiye da kima, da na haɗuwar wayoyi, da na zafi. A kwali ana rubuta su da haruffa irin su OVP da OCP da OPP da SCP da OTP. Abin tsoro shi ne akwatin da ba shi da su, wanda zai ci gaba da aiki shiru har hayaƙi ya tashi.

Abin da ke rubuce da abin da ke ciki

Hujjar da masu son araha suka fi kafawa ita ce, wat ai wat ne, idan akwati biyu duka an rubuta musu 850, me zai sa a biya ninki uku a kan ɗaya? Amsar tana jikin ɗan jadawalin da ke manne a gefen kowane akwati. A darasin kimiyyar lantarki an koya wa ɗalibai cewa wat shi ne bolt sau amfiya. Kati da ƙwaƙwalwa duka daga layin bolt 12 suke sha, don haka layin nan ne abin dubawa. Akwatin wat 850 na gaskiya zai nuna kimanin amfiya 70 a wannan layi, domin 12 sau 70 ya ba da 840. Idan kuwa aka ga akwatin da aka rubuta wa 600 da manyan baƙaƙe, amma jadawalinsa ya nuna amfiya 20 a layin bolt 12, to abin da zai iya ba kati da ƙwaƙwalwa wat 240 ne, sauran an cike shi ne da layukan da kwamfutar zamani ba ta cika amfani da su ba, ko kuma da ƙarya tsagwaronta. Araha dai ba ta ado.

Sai kuma batun tattali. Babu akwatin da ke mayar da dukan wutar da ya ja daga bango zuwa wutar aiki, dole wani kashi ya salwanta ya zama zafi. Tun shekarar 2004 akwai tambarin 80 Plus, wanda ake ba akwatin da ke isar da aƙalla kashi 80 cikin 100, kuma yana da darajoji: Bronze da Silver da Gold da Platinum da Titanium. A ɗauka kwamfuta tana cin wat 600. Akwatin da tattalinsa kashi 82 ne zai ja wat 732 daga bango, mai kashi 90 kuwa zai ja wat 667. Bambancin wat 65 ne. Ga mai wasan awa 4 kullum, wannan ya kai kimanin yunit 95 a shekara. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a Nijeriya cikin Afrilun 2024, kuɗin ya haura naira 21,000 a shekara ɗaya, an ƙona su ba tare da sun zana ko ɗigo ɗaya ba. Sai dai a lura, tambarin nan tattali kawai yake aunawa. Ba ya shaida ingancin kayan ciki ko na masu gadi, saboda haka wanda ya ga kalmar Gold ya rufe ido ya biya, bai gama bincike ba. Abin da ya fi nuna amincewar kamfani da kayansa shi ne tsawon garanti, domin akwatunan kirki sukan zo da na shekara 7 zuwa 10.

Filogin da ya narke: laifin wa?

A nan ya dace a koma ga labarin da aka fara da shi. Ramin da ake dasa kati a babban allo wat 75 kawai yake bayarwa, sauran sai ta waya. Tsohon filogi mai haƙora 8 an ƙayyade masa wat 150. Idan aka raba 150 da 12 an sami amfiya 12.5, waɗanda ke bi ta haƙora uku, kowanne yana ɗauke da amfiya 4 da 'yan kai, nesa ƙwarai da iyakar abin da zai iya. Sabon filogi mai haƙora 16, wanda ake kira 12VHPWR, an ƙayyade masa wat 600, wato amfiya 50, ta haƙora shida ƙanana. Kowane haƙori ke nan yana ɗauke da amfiya 8.3, alhali iyakarsa ba ta kai 10 ba. Tun ƙarni na 19 James Joule na Ingila ya nuna cewa zafin da waya ke yi yana tafiya ne da kwararar wuta sau kanta, wato idan kwarara ta ninka biyu zafi zai ninka huɗu. Idan filogi bai shiga sosai ba, ko aka lanƙwasa wayar dab da bakinsa, wasu haƙoran sai su saki, nauyinsu ya koma kan 'yan uwansu. Likitoci sun san makamancin haka a jijiyoyin jini, inda toshewar wata ke ɗora wa sauran aikin da ya fi ƙarfinsu.

Gaskiya ne mai saye yana da nasa alhakin, amma bai dace a ɗora masa laifin duka ba. Abin da aka ƙera don hannun jama'a wajibi ne ya haƙura da ƙaramin kuskuren hannu, kamar yadda ake gina gada ta ɗauki fiye da nauyin da aka rubuta a bakinta. Filogin da tazarar milimita ɗaya ko biyu za ta sa ya narke, an yi masa rowar sarari tun daga zane. Masu tsarin ma sun nuna sun gane haka a aikace, domin a 2023 sun gyara shi suka sa masa suna 12V-2x6, suka gajarta ƙananan haƙoran nan huɗu masu kai saƙo, yadda katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba sai filogin ya zauna daram. A watan Fabrairun 2024 kuma hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye wasu mahaɗai masu kusurwa kimanin 25,300 da wani kamfani ya yi wa wannan filogi, saboda haɗarin zafi. Har bayan gyaran ma ba a rabu da matsalar ba. A Fabrairun 2025 Roman Hartung, wani Bajamushe da ya shahara wajen gwajin kayan kwamfuta, ya auna fiye da amfiya 20 a waya ɗaya ta katin RTX 5090, wasu wayoyin kuwa kusan a zaune suke. Akwai katunan da ba su bi wannan hanya ba, kamar RX 7900 XTX na kamfanin AMD mai wat 355, wanda ya fito a Disambar 2022 da tsofaffin filogi biyu masu haƙora 8.

Abin da ya rage ga mai saye shi ne kiyayewa. Ya nemi akwatin da ya zo da wayar wannan filogi tasa ta kansa, ya guji jone-jone. Ya cusa filogin har ya ji ƙaras, ya haska fitila ya tabbata babu tazara, ya kuma bar wayar ta miƙe ɗan nisa kafin ta lanƙwasa. Idan katin mai tsofaffin filogi ne, kowane rami ya sami wayarsa daban daga akwati. Kada kuma ya ɗauki wayar wani akwati ya sa a wani don ya ga bakinsu ya yi daidai, domin kamfanoni sun sha bamban wajen jera haƙoran da ke ɓangaren akwati, kuma wannan ganganci ya ƙona kayan mutane da yawa.

Zafi da ƙura da wutar gida

Duk alƙaluman da ke kan kwali an auna su ne a ɗakin gwaji mai sanyi da tsayayyiyar wuta. Mai saye a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, yana da ƙarin abin lura. Ɗaliban ilimin halittu sun san cewa yawancin ayyukan sinadarai a jikin mai rai suna ninka sauri idan zafi ya ƙaru da digiri 10, shi ya sa tuwo ke saurin lalacewa da bazara fiye da lokacin hunturu. Wannan ƙa'ida tana aiki a cikin akwatin wuta. Akwai wasu 'yan gwangwanaye a ciki da ake kira kafasita, masu ruwan sinadari, kuma injiniyoyi suna lissafa cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage tsawon ransu da rabi. Don haka a nemi akwatin da aka rubuta cewa yana ba da cikakken ƙarfinsa a zafin digiri 40 ko 50, mai kafasitocin da aka yi don digiri 105. Wannan ne kuma dalilin da ya sa akwatin gwanjo caca ne, tun da ba a ganin tsufan kafasita daga waje. Ƙurar hunturu ita ma takan toshe ragar fanka ta zama bargo, sai a riƙa hure ta daga waje lokaci lokaci. Buɗe akwatin kuwa aikin gwani ne, domin babban kafasita yana iya riƙe kusan bolt 400 bayan an zare soket.

Har ila yau, wutar da ke zuwa gidaje ba kullum take cika 230 ba. Kwamfutar da ke jan wat 1,000 daga bango tana ɗaukar amfiya 4.3 a bolt 230, amma idan wuta ta yi ƙasa zuwa 170 sai ta ɗauki kusan amfiya 6, sassan akwatin su ƙara zafi. Akwatin da aka rubuta wa 100 zuwa 240 ya fi jure wannan fiye da wanda aka rubuta wa 200 zuwa 240. Mai shirin sa UPS ya sani cewa lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce, da yawa masu VA 1,000 wat 600 suke bayarwa, kuma akwatunan zamani sun fi jituwa da UPS ko inbata mai fitar da wuta lafiyayya irin ta layi. Ƙaramin janaretan nan da ba ya kai wat 1,000 ba zai riƙe irin wannan kwamfuta ba. Kuma kowane wat da aka ja daga bango a ƙarshe zafi yake zama a cikin ɗaki, tamkar an kunna dutsen guga an bar shi awa huɗu. Duk waɗannan suna cikin kuɗin harawa.

Wanda ya yi wannan lissafi da gaskiya, wani lokaci zai tarar cewa gidansu ba zai iya riƙe babban kati ba, kuma babu abin kunya a ciki. Katin RTX 4060 na shekarar 2023 wat 115 yake ci, akwatin kirki na wat 550 ya ishe shi har da rara, kuma yana tafiyar da wasanni masu yawa lami lafiya a fuska matsakaiciya. Ƙaramin kati a kan akwati nagari zai shekara da shekaru yana aiki, babban kati a kan akwatin banza kuwa ransa a hannun sa'a yake.

Ga malamai kuma, wannan batu darasi ne da ya zo har gida. Tsohon akwatin wuta ɗaya, a rufe yadda yake, ya isa a kawo aji a sa ɗalibai su karanta jadawalin gefensa, su ninka bolt da amfiya, su gwada abin da suka samu da lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, sa'an nan su yanke hukunci da kansu ko mai kayan ya faɗi gaskiya. Ɗalibin da ya iya wannan ba zai tsaya kan kwamfuta kaɗai ba, zai yi amfani da shi ranar da mahaifinsa zai sayi inbata ko batirin sola ko injin ban-ruwa, ya dubi ƙananan baƙaƙe kafin a ƙirga kuɗi. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ƙudura sayen babban kati, ya ɗauki takarda da alƙalami ya fara da lissafin wat tun kuɗin suna aljihunsa.